Shirin Lafiyar Ma'aikata: Yaya Za A San Ya Yi Amfani?

  Yau zancenmu a kan lafiyar ma'aikata ne, watau irin shirin nan da a kan kawo a wurin aiki don a taimaki mutane su daidaita nauyin jikinsu, su gyara cimarsu, su riƙa motsa jiki. Abin da mu ke so ku koya shi ne yadda za ku gane ko shiri irin wannan ya yi amfani, ko kuwa kuɗi da lokaci kawai ya ci.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan albashi ne. In mun ce ma'aikaci, muna nufin akawun da ke sakatariyar ƙaramar hukuma a Gwarzo ko Kabo, da malamin makaranta, da direban da ke jigila zuwa Kano, da ɗan acaɓa, da tela, da mai injin niƙa, da mai rumfa a kasuwar Getso, da matar da ke wuni zaune tana ɗinkin hula ko tuyar ƙuli-ƙuli, har da samarinmu da ke aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Yawancin waɗannan suna da ƙungiya, ƙungiya kuwa tana da asusu. Kuɗin asusun nan guminku ne, saboda haka ya kamata ku san abin da a ka saya muku da shi.

Abin Da Ya Kawo Zancen

Dattawa sun san yadda zama ya sake. Da, mutum ya kan tafi cin kasuwa da ƙafa ko bisa keke, mata su yi daka, su yi surfe, a ja ruwa da guga. Yanzu babur ya rage tafiya, inji ya rage daka, ga shayi mai yawan sukari da lemon kwalba a ko wace tasha. Sauƙi ya samu, mun gode Allah, amma ya zo da nasa kaya. Binciken likitoci ya nuna kusan mutum ɗaya cikin ko wane baligi uku a Nijeriya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su san suna da shi ba. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana cikin harkarsa, sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Magidanci guda in ya kwanta, gida duka ya kwanta.

Don haka in shugabannin ma'aikata su ka ce za su yi wani abu, niyyar mai kyau ce. Galibi abin da a kan yi shi ne a kira taro, a kawo mai jawabi, a auna mutane rana ɗaya, a raba riguna da huluna, a yi tattaki da safe, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata biyu sai a rubuta cewa shiri ya yi nasara, domin mutum kaza sun halarta. To, amma Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Yawan taro shaida ce ta cewa an yi taro. Ko jinin wani ya sauka, ko tumbin wani ya ragu, wannan sai an auna.

Haɗarin kuwa iri biyu ne. Na fari, kuɗin da zai sayi abin awon jini ya tafi ga riguna. Na biyu ya fi muni: mutumin da jininsa ya hau ya sami kwanciyar rai, yana cewa ai yana cikin shirin lafiya, ya ƙi zuwa asibiti har cuta ta kayar da shi.

Direba Da Kwandasta

Bari mu fara da wani bincike da a ka yi a Ingila, don yana da darasi biyu. A birnin Landan akwai manyan motocin haya masu bene. A zamanin da mu ke zance ko wace mota tana da direba, wanda ya ke wuni zaune, da kwandasta, wanda ya ke wuni yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Wani likita mai suna Jeremy Morris da abokan aikinsa su ka duba takardun ma'aikata wajen 31,000. Cikin 1953 su ka bayyana cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi kashe su farat ɗaya, bisa ga kwandastoci. Wannan shi ne darasi na fari: irin aikin da mutum ya ke yi yana taɓa zuciyarsa, yawan zama kuma ba ya yi wa jiki daɗi.

Amma likitan nan bai tsaya nan ba. Ya tambayi kansa, shin zaman ne ya jawo cutar, ko kuwa tun asali masu jiki ne su ka fi zaɓen tuƙi? Sai ya nemi littafin da a ke rubuta awon kayan aikin da a ke ɗinka musu, ya duba faɗin ƙugun wanduna. Cikin 1956 ya nuna cewa lalle direbobi sun fi kwandastoci faɗin ƙugu, har cikin masu ƙananan shekaru, watau da ƙibarsu su ka zo. Sai da a ka sake gwama mai babban wando da mai babban wando, siriri da siriri, sa'an nan a ka tabbata har yanzu kwandasta ya fi tsira. Darasi na biyu ke nan: kafin ka ce abu kaza ne ya kawo bambanci tsakanin mutane, duba ko tun farko daidai su ke.

Gonar Gwaji

Manomi ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. In mai sayar da taki ya zo ya ce takinsa ya fi na kowa, ga shi wanda ya sa bara ya cika rumbu, me za ka tambaye shi? Za ka ce, bara ai ruwa ya yi kyau, kowa ya samu. Za ka kuma ce, gonar wancan fadama ce, tawa jigawa. Shi ya sa malaman gona su ke yin gonar gwaji. A raba fili guda biyu, ƙasa iri ɗaya, iri ɗaya, shuka rana ɗaya, a sa wa ɓangare guda taki a bar ɗayan. Da kaka a ƙirga dami. Abin da wannan ya fi wancan, shi ne aikin taki.

Haka a ke gwada shirin lafiya. A sami mutane kashi biyu masu kama da juna, a yi wa kashi guda shirin, a bar ɗayan tukuna, bayan lokaci a auna duka. Hanyar da ta fi adalci wajen rabawa ita ce ƙuri'a, domin ƙuri'a ba ta san mai himma ba, ba ta san rago ba.

A ƙasar Amurka masu kamfanoni sun daɗe suna kashe kuɗi masu yawa kan irin wannan shiri. Cikin 2010 waɗansu malamai uku na Jami'ar Harvard su ka tattara binciken da a ka yi kafin nan, su ka ce ko wace dala ɗaya da a ka kashe tana rage kuɗin magani da fiye da dala uku. Labari ya yi daɗi, ya bazu ko ina. Amma da yawa cikin binciken da su ka tattara ba da ƙuri'a a ka raba mutane ba. Sai biyu daga cikin malaman nan, Zirui Song da Katherine Baicker, su ka shirya gwaji na sosai a wani kamfani mai manyan kantuna, sunansa BJ's Wholesale Club. Wuraren aiki 160, ma'aikata wajen 33,000. A ka zaɓi wurare 20 da ƙuri'a, a ka yi musu darussan abinci da motsa jiki har wata 18.

Cikin 2019 sakamako ya fito. Da a ka tambayi ma'aikata da baki, waɗanda a ka yi wa shirin sun fi cewa suna motsa jiki, da ratar mutum 8 cikin 100. Sun kuma fi cewa suna kula da nauyinsu, da ratar kusan mutum 14 cikin 100. Amma da a ka hau sikeli, a ka auna jini, a ka duba fashin aiki da kuɗin magani, ba a ga wani bambanci na kirki ba. An sake dubawa bayan shekara uku, abin bai sake ba.

A Jami'ar Illinois, can Amurka, an yi irin wannan gwaji tun daga 2016 da ma'aikata kusan 5,000, nan ma da ƙuri'a. Bayan shekara biyu ba a ga bambanci a nauyi ko hawan jini ko sukari ba. Riba ɗaya da a ka gani a fili ita ce mutane sun ƙara zuwa a duba su. Sa'an nan masu binciken su ka gano abin da ya daɗe yana ruɗin mutane. Cikin waɗanda a ka gayyata, masu amsa kira su ne waɗanda tun da can sun fi lafiya, sun fi motsa jiki, ba su cika zuwa asibiti ba. Da a ce an gwama waɗanda su ka zo da waɗanda su ka ƙi zuwa, da sai a ce shiri ya yi abin mamaki. Zancen wandon direba ne ya sake dawowa.

Kada ku fahimci cewa motsa jiki da cin abinci mai kyau ba su da amfani. Amfaninsu tabbatacce ne. Abin da gwajin nan ya nuna shi ne, jawabi da takarda da 'yar kyauta ba safai su ke isa su sake halin jikin mutum ba. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Tambayoyi Bakwai

In an kawo muku shiri a ofis ko a tasha ko a ƙungiyar kasuwa, ko an zo ana ba ku labarin nasararsa, ga abin da za ku tambaya.

Ta fari: an auna mutane kafin a fara, an rubuta? Wanda bai san mudu nawa ya zuba a buhu ba, ba shi da bakin cewa an ƙara ko an rage.

Ta biyu: me a ka auna? Abin da baki ya faɗa daban, abin da sikeli ya nuna daban. Mutum ya kan faɗi abin da zai faranta wa mai tambaya rai, balle in shugabansa yana tsaye. Awon da za a dogara da shi huɗu ne: nauyi, da faɗin ciki, da hawan jini, da sukarin jini ga wanda malamin asibiti ya ga ya kamata.

Ta uku: da wa a ka gwama su? In babu kashi na biyu da a ka bari, ba za a san ko shirin ne ya yi aiki ko kuwa lokaci ne ya juya ba.

Ta huɗu: a wane lokaci na shekara a ka yi awon? Wannan tambaya ta fi ƙarfi a ƙasarmu. Malamin makarantar Getso da akawun Kabo, yawancinsu manoma ne. Da damina, lokacin noman fari da maimai, aiki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, jiki ya kan zube. Bayan kaka ya kan murmure. Likitocin da su ka daɗe suna awon manoma a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya sun ga haka shekara da shekaru. Azumi ma haka ne: an auna a ƙasashe da dama, an ga mutum ya kan rage wajen kilo ɗaya cikin watan, galibinsa kuma ya dawo bayan salla. Saboda haka wanda ya fara shirin rage ƙiba da bazara ya gama tsakiyar damina, fartanya ce ta yi masa aikin. Awo na gaskiya shi ne a koma wata iri ɗaya bayan shekara cur.

Ta biyar: ina waɗanda su ka daina zuwa? A ce mutum 40 su ka fara, 12 su ka kai ƙarshe, 10 daga cikinsu nauyinsu ya ragu. Mai shiri zai ce goma cikin sha biyu sun ci nasara. Lissafin gaskiya goma cikin arba'in ne, sai an nemo sauran 28 an auna su. Sau da yawa wanda ya ɓace shi ne wanda abin bai karɓe shi ba, ko wanda ya fi kowa bukata.

Ta shida: sau nawa a ka auna jini? Jini ya kan hau ya sauka cikin wuni guda. Wanda ya iso da gaggawa cikin rana, ko gabansa yana faɗuwa don bai taɓa ganin abin awo ba, awonsa ya kan yi sama. In a ka tsinci masu awo mafi yawa a ranar fari a ka sake auna su wata rana, da yawa za a ga sun sauka ko ba a yi musu kome ba. Mai wayo sai ya ce maganinsa ne. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna ya huta minti biyar, a auna sau biyu, a kuma sake wata rana dabam kafin a yanke magana.

Ta bakwai: wa ya yi lissafin, me kuma ya ke sayarwa? Mai kaya ba ya kushe kayansa. In wanda ya zo yin awo shi ne kuma mai tallan shayin rage tumbi ko garin wanke ciki, ku yi hattara. A bar awo da rubutu a hannun ma'aikacin lafiya wanda ba ya cin riba da sakamakon.

Ba Kowa Ke Bukatar Rage Nauyi Ba

Shirin da a ka kwaso daga birni a ka kawo ƙauye ba tare da gyara ba, yana iya cutarwa. Binciken lafiya na ƙasa da a ka yi cikin 2018 ya nuna, cikin matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, kashi 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma sun rame ƙasa da kima. Watau cuta biyu ce a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Leburan da ke dakon buhu a kasuwa, ko mai jego da ke shayarwa, ba rage ci ne bukatarsu ba. Shiri mai kyau ya kan kai kowa ga daidai, mai ƙiba ya sauko, ramamme ya hau.

Mene ne daidai? Likitoci suna gwama nauyi da tsawo. Misali, baligi mai tsawon mita 1.7, daidai gare shi daga wajen kilo 54 zuwa 72. In ya kai kilo 87, ƙiba ta zama abin kai wa likita. Malamin asibiti yana da takardar da ke nuna na ko wane tsawo. Akwai kuma dabarar da ba ta bukatar sikeli. Sami igiya, ka auna tsawonka daga tsakar ka zuwa diddige, ka yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka sama da cibiya kaɗan. In bakunan sun haɗu, madalla. In sun kasa haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa kitsen da ya fi jawo ciwon sukari da na zuciya. Wannan awo na manya ne, ban da mai juna biyu.

Ku riƙe wannan kuma da kyau: ramewar da ta zo ba dalili ba nasara ba ce. Mutumin da ke zubewa yana yawan fitsari da ƙishirwa, a duba masa sukari. Wanda ke zubewa da tari fiye da mako biyu da gumin dare, a duba masa tarin fuka. Kada a tafa masa a taro, a rubuta shi cikin waɗanda shiri ya amfana. Haka nan ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu mata ke sha don su yi jiki, a guje su. Waɗansunsu kumbura jiki su ke yi, su ta da jini da sukari.

Abin Da Ya Ci Gwaji

To, me ya ke aiki? Ga misali biyu da a ka gwada da ƙuri'a su ka ci, ko da ya ke ba a wurin aiki a ka yi su ba, da na uku daga nan gida.

Na fari, a Amurka an tara mutum 3,234 masu ƙiba waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ga cuta ba. Kashi guda a ka ba ko wannensu mai kula da shi, yana bibiyarsa a kai a kai, a ka sa musu buri biyu: rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, da tafiya mai ƙarfi minti 150 a mako. Cikin 2002 a ka bayyana cewa bayan wajen shekara uku kamuwa da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 cikin 100 a wannan kashi. Sirrin shi ne an nemo masu bukata, an kuma riƙe su ba a sake ba.

Na biyu, a ƙasar Sin an raba ƙauyuka 600 da ƙuri'a, mutum kusan 21,000, galibi tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda ɓarin jikinsu ya taɓa shanyewa. Rabin ƙauyukan a ka ba su wani gishiri wanda a ka rage masa sinadarin da ke ta da jini, watau sodiyam. Cikin 2021 a ka bayyana cewa bayan kusan shekara biyar shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. A nan abin da ke cikin tukunya a ka sake, ba a dogara ga jawabi ba. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba sai da izinin likita. Kada kuma a ɗauka kanwa ce, domin kanwa ma sodiyam ne a cikinta.

Na uku, cikin 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara wani shiri a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, na auna jini da ba da magani bisa tsari guda mai sauƙi, ana rubuta ko wane mai cuta a littafi. Ma'aunin irin wannan shiri shi ne mutum nawa cikin waɗanda a ka rubuta jininsu ya sauko ƙasa da 140 bisa 90. Wannan ma'auni ne da ƙungiyarku za ta iya ara.

Yadda Ƙungiya Za Ta Yi

Ba sai da kuɗi masu yawa ba. A sayi littafi guda, da sikeli guda, da igiyar awo irin ta tela, da abin awon jini. A roƙi malamin asibitin garinku ya sa rana, mata kuma mace ta auna su. A rubuta kowa, har da wanda ya ce shi lafiyarsa lau. Duk wanda jininsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye a rana biyu dabam-dabam, a haɗa shi da asibiti, in abin ya yi tsanani a tura shi Babban Asibitin Gwarzo. A sa mutum guda mai amana ya riƙa tuna masa ranar komawa da shan magani. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi.

Sa'an nan a gyara wurin aikin kansa. A yi magana da mai abincin tasha ko ta bakin ofis ta rage gishiri da dunƙulen miya, ta ƙara daddawa da kayan ƙamshi, ta riƙa kawo wake da kwaɗon zogale da miyar ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin baligi a wuni kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da burodi. Mai shayi ya bar mutum ya faɗi sukarin da za a sa masa, a riƙa ragewa sannu-sannu. A taron ƙungiya a ajiye ruwa mai tsabta maimakon lemon kwalba. Direban da ke jiran layi ya tashi ya zagaya. Tela ya miƙe ya taka bayan ko wane ɗinki. Minti 30 na tafiya mai sa numfashi ya ɗan hau, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 ɗin nan.

In ƙungiyoyi biyu ne masu kama da juna, kamar makarantu biyu ko tashoshi biyu, a auna duka, a jefa ƙuri'a, ɗaya ta fara bana ɗaya baɗi. Ba wanda a ka zalunta, ga shi kuma an sami gonar gwaji. Mutanen ƙungiya guda ba su da yawan da za a yanke hukunci mai ƙarfi a kansu, amma ko banza kun fi wanda bai auna kome ba. Wanda a ka samu da hawan jini kuwa, ko a wane kashi ya ke, magani ba ya jiran ƙuri'a.

Abu na ƙarshe shi ne rufin asiri. Awon mutum tsakaninsa da malamin asibiti ne. Shugaba jimla kawai za a gaya masa, ban da suna. In direba ya ji tsoron za a raba shi da mota don an sami jininsa ya hau, ba zai zo awo ba, cutar kuwa tana nan. Kada a yi wa mai tumbi dariya, kada a tilasta wa kowa.

Bayan shekara, a wata iri ɗaya, a sake awo, a zauna a buɗe littafi. Mutum nawa a ka rubuta? Nawa a ka sake samu? Cikin masu hawan jini, nawa ne jininsu ya sauko? Igiyar mutum nawa ta haɗu bana wadda ba ta haɗu bara ba? Nawa a ka kashe? In an ga ci gaba, a ɗore. In ba a gani ba, a faɗi gaskiya, a sake dabara, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kai kuma mai riƙe da wannan takarda kana jiran layi a ɗakin shan magani, in layi ya zo kanka, roƙi malam ya auna jininka da nauyinka, ya rubuta maka da kwanan wata. Ka adana takardar. Ran da wani ya zo ya ce shirinsa ya gyara maka jiki, kana da abin da za ka gwada maganarsa da shi.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita.